Wutar Hasken Rana: Riba Ce Ko Asara Ga Masu Gidaje A Fatakwal?

Duk wanda ya san unguwar Trans-Amadi ta birnin Fatakwal ya san ba wurin da ya kamata a ji kukan rashin wuta ba ne. Tun zamanin Gwamnatin Jihar Gabas, a farkon shekarun 1960, aka keɓe wannan yanki domin masana'antu, kuma a cikinsa ne Gwamnatin Jihar Ribas ta kafa wata tashar samar da lantarki mai aiki da iskar gas. Amma duk da haka, da zarar magariba ta yi, abin da kunne ya kan ji a gidajen da ke kewaye da masana'antun nan shi ne rurin janareta, manya da ƙanana, kowane gida da irin nasa.

A cikin waɗannan gidaje akwai na 'yan Arewa masu yawa: fataken shanu, da mahauta, da 'yan gwari, da 'yan canji, da masu sayen ƙarafa. Waɗansu a nan aka haifi iyayensu, sun sayi fili sun yi gini, waɗansu kuwa haya su ke yi shekara da shekaru. Haka abin ya ke a wajen 'yan'uwansu na Kan Gada a Anacha, da na Garki a Inugu. A 'yan shekarun nan wata sabuwar magana ta shigo cikin hirarsu, watau maganar sola, kuma tambayar da kowa ke yi ita ce ko kuɗin da a ke zubawa a kanta su na dawowa.

Abin da ya tayar da maganar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da a ke sayarwa ƙasa da naira 200 a farashin Gwamnati ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Sa'an nan a watan Afrilu na 2024 Hukumar NERC mai kula da sha'anin lantarki ta ɗaga kuɗin wuta ga 'yan Rukunin A, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a kowace rana, daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Daga baya an rage shi, har ya tsaya a kan naira 209.5 a watan Yuli na wannan shekara. A cikin 2024 ɗin dai babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe sau da dama, kuma a watan Oktoba, sa'ad da layin da ya tashi daga Ugwuaji ta Jihar Inugu zuwa Apir ta Jihar Binuwai ya sami matsala, jihohin Arewa da yawa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mazauna Kudu sun ji wannan a jikinsu, domin kuwa iyalan da su ka bari a gida ko cajin waya sai da ya gagare su.

Ita kanta wutar hasken rana ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A 1954 ne masu bincike na kamfanin Bell a Amurka su ka ƙera farantin farko mai amfani, wanda ke juya kashi 6 cikin ɗari kacal na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki. Na yanzu su kan juya kashi 20 ko fiye. A Nijeriya kuwa, tun farkon shekarun 1980 aka buɗe cibiyoyin binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato da Jami'ar Nsukka. Abin da ya hana ta shiga gidajen jama'a a wancan lokaci tsada ce. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, galibi saboda yawan ƙera shi da a ke yi a ƙasar Sin. Sai dai kash, daidai lokacin da ya ke sauka a dala, ita kuma naira ta sulale, daga wajen 460 a kan dala guda a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta cinye rabo mai yawa na wannan sauƙi kafin ya iso hannun mai saye.

Kayan aikin guda huɗu ne. Akwai farantan da a ke ɗorawa bisa rufi, da na'urar da ke daidaita caji, da batirin da ke ajiye wuta don dare, sa'an nan da inbata, wadda ke juya wutar batiri ta zama irin wadda fanka da firiza ke aiki da ita. A yawancin inbatocin yanzu an haɗe na'urar cajin a cikinsu.

RANAR FATAKWAL DA TA SAKKWATO

Wani abin da dillalan kayan sola ba su cika faɗa wa mai saye ba shi ne, faranti guda ba ya ba da wuta ɗaya a ko'ina. Mutumin da ya ga yadda sola ke aiki a gidan ƙaninsa a Sakkwato, ya dawo Fatakwal ya sayi irin kayan nan daidai da daidai, zai sha mamaki. Fatakwal ta kan sami ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Sakkwato kuwa da ƙyar ta kan wuce 700. Daga watan Yuni zuwa Satumba a kan yi kwana biyu ko uku a jere gari a lulluɓe, ba a ga ƙwayar rana ba. Faranti ba ya daina aiki don akwai girgije, amma abin da ya ke bayarwa ya kan ragu ƙwarai.

In aka auna bisa tsawon shekara, farantai masu ƙarfin kilowat guda su kan ba da kimanin yunit 3 da rabi a rana a Fatakwal, alhali a Kano ko Sakkwato su kan doshi yunit 5. Inugu da Anacha su na tsakani, sun ɗan fi Fatakwal. A tsakiyar damina kuwa, cikin Yuli da Agusta, abin da a ke samu a Fatakwal ba ya kai yunit 3.

Bayan girgije akwai kunkunniya. Tun ƙarshen 2016 mazauna birnin su ka fara wayar gari su na ganin baƙin ƙura a kan motoci da tufafi da tagogi, wanda aka danganta shi da masu dafa ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu. Ya kan yi sauƙi ya kuma dawo, kuma duk inda ya kwanta a kan gilashin faranti to ya tare haske, ga shi da maiƙo, ba ya fita da iska kamar ƙurar hunturu. Saboda haka masu haɗa sola da su ka san aikinsu ba su kan shimfiɗa faranti kwance ba, ko da ya ke birnin na kusa da tsakiyar duniya, inda rana ke bi ta bisa kai. Su kan ɗan jirkita shi da kamar digiri 10, domin ruwan sama ya riƙa wanke shi. Haka kuma iskar bakin teku mai laima ta kan ci ƙarfe, don haka ƙarafan da za su riƙe farantan, da kwanon da za a ɗora su a kai, sai an duba su da kyau. Ɗora kayan miliyoyi a kan kwanon da tsatsa ta gama da shi, ana jiran guguwar farkon damina, ganganci ne.

Arewa ma ta na da nata cikas. Ƙurar hunturu ta kan rufe faranti cikin 'yan kwanaki, kuma zafin bazara na rage ƙarfinsa, domin faranti haske ya ke so, ba zafi ba. Amma duk da wannan ratar na nan.

LISSAFIN

A ɗauki gida matsakaici, irin na magidanci mai iyali. Ƙwan lantarki 10 masu wat 10, na awa 6, sun ci wat 600. Fankoki 4 masu wat 70, na awa 10, sun ci 2,800. Talabijin na awa 5 ya ci 400, firiza ta ci kamar 1,500 a yini, cajin wayoyi da sauran tarkace a ba su 200. Jimla yunit 5 da rabi ke nan a rana, ba a sa dutsen guga ba, ba a sa na'urar sanyaya ɗaki ba. Da ya ke wani abu ya kan salwanta a cikin waya da batiri da inbata, sai farantan sun samar da kamar yunit 7. Da farantai masu wat 400, guda 4 sun isa a Kano. A Fatakwal sai 5, kuma wanda ba ya son komawa ga janareta a watan Agusta sai ya sa 6 ko 7.

Farashin kaya ya na bin dala, ya na kuma bin ingancin abin da aka saya, amma a ƙaddara cewa farantan nan, da inbata mai kyau, da batirin litiyam mai ɗaukar yunit 5, da wayoyi da ladan mai aiki, sun tashi a kan naira miliyan 4. A ƙaddara kuma litar fetur naira 900 ce, kamar yadda ta yi ta kai-kawo a wannan matsayi cikin 2025. Janareta matsakaici ya kan sha kimanin lita guda a awa. Mai kunna shi awa 5 kowane dare ya na ƙona naira 4,500 a rana, watau 135,000 a wata, ko kuwa sama da naira miliyan 1 da dubu 600 a shekara, ban da baƙin mai da kuɗin makaniki. Irin wannan magidanci cikin shekara biyu da rabi kuɗinsa sun dawo, kuma maimakon wutar awa 5 ya sami ta dare da rana. A gare shi babu wata gardama.

To amma ba kowa ne ke ƙona lita 5 ba. Wanda ke kunna inji awa 2 kawai, don yara su yi karatu a kuma yi caji, abin da ya ke kashewa a shekara bai kai naira 660,000 ba, don haka sai ya shekara 6 kafin ya mai da miliyan 4. Wannan ya fi masa kyau ya sayi ƙaramin haɗi, faranti biyu da batiri ɗaya, na fitila da fanka, ya bar firiza ga wutar kamfani.

Sa'an nan ga mutumin da Allah ya sa gidansa ya faɗa kan layin Rukunin A, kuma wutar na zuwa kamar yadda aka yi alkawari. Yunit 5 da rabi a kan naira 209.5 bai wuce naira 1,150 da 'yan kai a rana ba, kimanin 420,000 a shekara. In don gudun kuɗin mita ya sa sola, zai shekara 9 da rabi kafin ya fanshe, kuma a daidai lokacin ne batirinsa zai nemi canji. A Jihar Inugu ma, wadda ta karɓi ikon tsara harkar lantarkinta bisa Dokar Lantarki ta 2023, hukumar jihar ta ba da umurnin sauke kuɗin Rukunin A zuwa naira 160 a tsakiyar 2025, abin da ya jawo jayayya mai tsawo. A taƙaice, a Kudu sola na kayar da janareta warwas, amma da wuya ta kayar da wutar kamfani a inda wutar ke tsayawa. Abin tambaya ga kowane mai gida shi ne awa nawa wutar ke tsayawa a layinsa, kuma wannan ba ya bukatar masani: littafi da biro na wata guda sun isa.

Akwai ribar da ba ta shiga lissafin nan. Hayaƙin janareta ya sha kashe iyali guda cikin dare, musamman da damina sa'ad da a kan shigo da inji cikin baranda don gudun ruwa ko ɓarawo. A watan Mayu na 2024 mutum 7, yawancinsu ɗalibai, sun rasu ta wannan hanya a Yenagoa, babban birnin Jihar Bayelsa. Ga kuma ajiye jarkar fetur a gidan da yara ke wasa.

Batiri shi ne inda kuɗin su ke, kuma shi ne inda a ke yawan yin kuka. Faranti mai kyau ya kan zo da lamunin shekara 25, kuma ƙarfinsa ba ya raguwa da fiye da kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara. Batiri ba haka ya ke ba. Dogon batirin ruwa da a ka fi sani, mai amfiya 220, a rubuce ya na ɗaukar fiye da yunit 2 da rabi, amma in ana so ya yi ƙarko ba a shan fiye da rabinsa. Gidan da aka yi misali da shi sai ya sa guda 4, ya riƙa duba ruwansu, kuma duk da haka cikin shekara 2 zuwa 4 sun gaji. Da damina, sa'ad da rana ba ta isa ta cika su ba, a kan yi ta tatsarsu ba su ƙoshi ba, kuma wannan ne ke kashe su da wuri a Fatakwal fiye da Kano. Na litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma a kan sha kusan dukan abin da ke cikinsa, ba ya son ruwa, kuma mai kyau ya kan kai shekara 8 zuwa 10. Wanda ya sayi na ruwa don araha zai saye shi sau uku kafin na maƙwabcinsa ya mutu sau ɗaya. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Wata dabara da ba ta cin ko kwabo ita ce sauya lokacin aiki. Da tsakar rana, bayan batiri ya cika, duk abin da farantan za su iya bayarwa ya na tafiya a banza. Lokacin ne ya kamata a tura ruwa cikin tanki, a yi guga, a bar firiza ta yi ƙanƙara, domin da dare a rage wa batiri nauyi. Mahauci ko mai sayar da ruwan sanyi da ke aiki da firiza a gida shi ya fi kowa morar wannan.

GIDAN WA ZA A ƊORA WA?

Duk lissafin da ya gabata ya ginu ne a kan cewa mutum zai zauna a gidan har kuɗinsa su dawo. A nan ne halin ɗan Arewa mazaunin Kudu ya bambanta da na sauran masu gidaje. Mai haya ba shi da ikon huda rufin wani sai da yardar mai gidan, kuma in babu rubutacciyar yarjejeniya cewa kayan nasa ne, ranar tashi a kan yi rigima. A gidan haya mai ɗakuna goma kuwa, rufin ɗaya ne, kowa na da haƙƙi a kansa. Ko wanda ya mallaki gida ma, zamansa ya na rataye ne a kan kasuwarsa. A 2021 Gwamnatin Jihar Ribas ta rufe tsohuwar kasuwar mayanka ta Trans-Amadi ta kuma rushe ta, kuma mutane da yawa da su ka shekara aru-aru su na cin abinci a wurin dole su ka bi sana'arsu zuwa wasu unguwanni. Gaskiya ne ana iya kwance sola a ɗauke ta, ba kamar rijiyar burtsatse ba, amma kwancewa da sake haɗawa kuɗi ne, faranti na fashewa a hanya, kuma kayan da aka yi amfani da su ba su da daraja a kasuwa.

Shi ya sa wasu ke ganin in dai kuɗin na haɗi ɗaya ne, gara a kai shi gida. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Farantai 4 a Kano na yin aikin 5 ko 6 a Fatakwal, gidan nasu ne ba mai tashinsu, can ne iyaye da mata da yara su ke, kuma a ƙauyuka da dama babu ma layin wuta balle a yi maganar rukuni. Masu gyara ma sun yawaita a Arewa, tun bayan da aka sa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano sola a 2018, aka kuma buɗe tashar megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019. Sai dai hujjar ta na da rauni ta gefe guda: kuɗin fetur ɗin da za a tsira da su a Fatakwal a ke ƙona su. Wanda ya kai sola gida ya kyautata wa iyali, amma janaretansa na Trans-Amadi zai ci gaba da shan lita 5 ɗinsa kowane dare. Kuma kayan da mai su ba ya kusa, ba a rasa wanda zai jona musu dutsen guga ko hita da tsakar dare.

Maganar inda za a samo kuɗin ma abin dubawa ce. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bashin bankunan kasuwanci kuwa ya kan ɗara haka. Ruwan naira miliyan 4 a kan kashi 30 ya kama miliyan 1 da dubu 200 a shekara, watau kusan kashi uku cikin huɗu na abin da aka tsira da shi daga fetur. Ban da wannan ma, yawancin 'yan kasuwarmu ba sa hulɗa da bashi mai ruwa. Abin da ya rage shi ne adashi, ko bankunan da ke saye su sayar wa mutum a kan riba ƙayyadadda, ko kuwa saye a hankali: a fara da inbata mai girma da batiri ɗaya, a riƙa ƙara farantai in hali ya samu. Ga mai ɗaki ɗaya kuwa akwai ƙananan akwatunan sola na biya-kaɗan-kaɗan, irin na kamfanonin Lumos da Sun King, waɗanda a ke ɗauka a hannu ranar tashi.

Kasuwar kayan ta cika maƙil. A cikin shekara guda da ta ƙare a watan Yuni na 2025, Nijeriya ta shigo da farantai masu ƙarfin sama da megawat 1,700 daga ƙasar Sin, ba wadda ta fi ta a Afirka sai Afirka ta Kudu. Daga Alaba ta Ikko har kasuwar kayan wuta ta Obosi kusa da Anacha, akwai na ƙwarai akwai na banza, kuma takardar da a ka manna a bayan faranti ba ita ce shaida ba. Faranti mai wat 400 na gaskiya faɗinsa ya kan kusa murabba'in mita 2, don haka in aka nuna wa mutum ƙarami aka ce 400 ne, tef ɗin awo ya isa ya raba gardama. Batirin ruwa kuwa a nauyi a ke gane shi, domin dalmar da ke ciki ita ce ƙarfinsa. Siririyar waya da rashin fis su ne kan jawo gobara, kuma a garin da tsawa ke yawa kamar Fatakwal, haɗin da ba a binne masa ƙarfen kariya a ƙasa ba, inbatarsa na iya tafiya a dare ɗaya.

Tsohon batiri kuma ba ya ɓacewa. A Fatakwal da Anacha da Inugu, masu bi unguwa-unguwa su na sayen ƙarafa da matattun batura yawancinsu samarin Arewa ne. Su ne ke fasa su da guduma, su zubar da ruwan a ƙasa, su tara dalmar da hannu, wani lokaci a harabar da su ke kwana su ke kuma dafa abinci. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma daga duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin batiri ita ce dai waccan, kuma kowane gida da ya zaɓi batirin ruwa zai riƙa fitar da guda 4 duk bayan shekara uku.